Sai La'asar Sakaliya

Ɗanjumma mai jirgi ya ce sai la'asar sakaliya.
Ni kuwa tun asuba na ɗaure jaka.
To yaya zan yi da yini guda cur
da ya faɗo mini a hannu
kamar canjin da ban nema ba?

Na juya bayan takardar asibiti,
na raba ranar gida-gida, halin tsohon akawu:
da hantsi, aski wajen Nomau;
kafin azahar, batirin tocila, ƙuli-ƙuli,
maganin hawan jini na kwana huɗu,
leda mai kauri saboda waya;
bayan azahar, barci, in ya yarda.
Can ƙasa na ja layi biyu:
kada ka isa bakin ruwa da wuri,
kada yara su gane ɗoki kake yi.

Ƙarfe tara ina bakin ruwa.

Nomau dai bai ga ƙeyata ba.
Na zauna bisa buhun albasar wani
ina kallon jirgi yana cin kaya:
kwanon rufi, gishiri, babura biyu,
da wata tunkiya da ta turje,
aka sungume ta tana tsine wa Yauri.
Duk buhun da ya shiga
sai jirgin ya ƙara durƙusa wa ruwa,
ni kuma in ƙara shafa aljihun magani.

Tumba mai suyar kifi ta dube ni:
"Baba, ina zuwa da sabuwar hula?"
Na ce Warra.
Gaskiya ce, amma rabinta.

Ɗaya rabin yana kan hanya,
inda babu tasha, babu ko kututture,
ruwa ne kawai shimfiɗe,
a ƙarƙashinsa gungun da aka binne cibiyata.
Ina shekara shida aka kwashe mu,
da aka tare kogi can Kainji, ruwa ya biyo baya.
Abin da na riƙe bai taka kara ya karya ba:
tsamiya ɗaya,
da turmin inna da ya ƙi shiga kwalekwale,
ta yi ta waiwayensa har muka sha kwana.
Tun daga nan a mota nake zagaye wurin,
kamar mai kauce wa ƙofar wanda ke binsa bashi.

Azahar ta yi, barci ya ƙi.
Na sayi batiri, ashe tocilar na gida.
Na tambayi Ɗanjumma ko ya san gungun,
ya yi dariya, ya ce shi ɗan jiya ne,
in tambayi Gado mai kwarfe ruwa.
Gado ya daɗe yana kallon gwangwaninsa.
Ya ce, "Inda inji ke sauya murya.
In mun kai, ni taɓa maka ƙafa.
Amma duhu ya fara, ba ka ganin komi."
Na ce ko da rana ma, me zan gani?

La'asar ta yi, ta sakaliya ta wuce.
Ana jiran wani mai buhun siminti.
Aka miƙo mini rigar ruwa
mai ƙarnin kifi, igiyarta ɗaya ta tsinke,
na ɗaure ta bisa babbar riga,
Tumba ta rufe baki da gyale.

Rana ta yi ja kamar manjan kaskonta
sa'ad da gora ta ture gaɓa.
Inji ya yi tari sau uku, ya kama.
Na ciro takardata in soke abin da aka yi:
aski, babu; barci, babu.
Daga la'asar zuwa ƙasa fari fat,
ban rubuta abin da zan ce ba in mun kai.

Na ninke ta.
Na miƙe ƙafar dama kusa da Gado.