Kwana Ashirin da Ɗaya

A gidanmu yanzu ba a lissafi da wata.
Kwana ashirin da ɗaya, sai mu koma.
Haliru ya rubuta ranakun da gawayi
a bayan ƙyauren ɗakin girki.
Shida ne. Ya soke uku.

Tun kafin rana ta fara gasa Mabera
muke tare keke zuwa asibitin koyarwa,
ni da Inna da kunun da ba za a sha ba.
Wajen Gawon Nama mai keke ya waiwayo,
"Dubiya za ku?"
Inna ta ce, "I, dubiya."

Maganin ja ne, kamar zoɓon da ba a sirka ba.
Yana sauka ɗigo-ɗigo ta bayan hannunta,
ina ƙirgawa, ina ɓacewa, ina sakewa.
Matar gadon kusa, mutuniyar Illela,
ta ce kafin zuwa na biyu gashi yake tafiya.
Ba ta yi ƙarya ba.

Inna fa makitsiya ce.
Shekara ashirin da bakwai
kawunan unguwar nan na kwanciya a cinyarta,
amare, 'yan makaranta, masu jego.
Ranar da na sa mata mataji
ya fito da abin da ya cika mini tafi,
na ɓoye hannu a bayan zane.
Ta ce, "Luba, kawo in gani."
Ta murza shi kamar mai taya kaya a kasuwa,
ta ce, "Dama bai taɓa jin magana ba."
Ta miƙo mini reza.

Gwaggo Ige ta zo daga Wurno
da jarka cike da saƙe-saƙi.
Ta ce daji ba ya son ƙarfe,
wa ya ce ku bari a taɓa shi da wuƙa?
Baba ya yi godiya, ya biya mata kuɗin mota.
Jarkar na nan gindin dogon yaro,
ba mu sha ba, ba mu zubar ba.

Baba bai taɓa kiran sunan ciwon ba.
"Lalurar nan," yake cewa.
Ragon layya ya fara tafiya,
sai babur, sai filin nan na hanyar Dange
da ya ce zai gina mana idan albasa ta yi kuɗi.
Duk ran da ya sayar da wani abu
da kankana yake dawowa,
ita kaɗai cikinta ke riƙewa.
Na same shi a zaure idanu jawur,
ya ce albasa ce.
Shekara talatin yana cinikinta a buhu,
ban taɓa ganin ya yanka ko ɗaya ba.

Dare na uku ya fi kowane tsawo.
Babu wuta, katanga na amayar da zafin yini,
Inna na amayar da ruwan da ta sha.
Ni da Haliru muna karɓa-karɓa da mafici.
Can wajen asalatu ta kama hannuna
ta ɗora inda ɗinkin yake,
shafe kamar faranti.
"Ku huɗu ya shayar," ta ce.
"Ya gama aikinsa. Ki daina kallonsa haka."

Jiya 'yar maƙwabta ta shigo da kai a tsefe,
ba wanda ya gaya mata an daina.
Faratan Inna sun yi baƙi,
yatsunta ba sa jin tsinke.
Ta ce, "Zauna. Luba, matso."
Ta riƙa faɗa ina ja,
nan ki raba, nan ki sassauta,
ke, kan mutum ne, ba igiyar guga ba.
Kitson ya karkace ta hagu.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta,
ta gyara ɗankwalin da ke zame mata.

Alhamis za mu koma.
Kuɗin bai cika ba tukuna.
Haliru ya ajiye gawayinsa a kan taga.