Raƙuman Ruwa

Shekara sha tara ina duba kwantar ruwa
gida-gida, daga Birni har Garin Malam.
Wani watan allura ko motsi ba ta yi ba,
in rubuta sifiri, in ce a gaida mai gida,
in ratsa layin jarkoki masu jiran asuba.

Sai ga hoto mai motsi daga Kiyari,
yana Dakar, yana gyaran injin kwalekwale.
Ya ce akwai tsibiri, Ngor, jifa biyu daga gaɓa,
ruwansa da ɗumi kamar wanda aka surka wa jariri,
can mutane ke tsayuwa bisa allo
teku ta ɗauke su a kafaɗa ta kawo.
Na kalla sau goma sha ɗaya. Caji ya ƙare.

Ashe da gangan Bahaushe ya ce raƙuman ruwa.
Ni kuwa na hau raƙumi a Tanut ina yaro,
ya miƙe da ƙafafun baya, na rungumi tozo,
na yi ihu, amma ban faɗi ba.
Iyakar takardar shaidata ke nan.

Na juya bayan wata tsohuwar takardar aiki
na dasa lissafi.
Mota zuwa Yamai, wuni guda da ciwon ƙugu.
Jirgin sama, na rubuta kuɗin, na rufe da yatsa.
Masauki ɗakin Kiyari, in bai yi munshari ba.
Hayar allo jika biyar, in ji shi,
har da igiyar da ake ɗaure wa mutum a ƙafa
kamar akuyar da ba a yarda da ita ba.
Kwasar adashena sai watan goma.
Ya ce daidai, lokacin ruwa bai huce ba.

Cima ta leƙo ta bisa kafaɗata.
Ta ce, Mutari, kai da kofi uku ke isarka wanka,
me za ka yi da teku guda?
Na ce zan tsaya a kanta.
Ta ce to, ka zo mini da gishiri,
na Dole ya yi tsada.

Da la'asar na ciro tsohon ƙyauren madafa,
na kwantar da turmi, na ɗora shi bisa.
Ƙafar hagu gaba, gwiwa a lanƙwashe, hannu a buɗe.
Habsu ce teku. Tana girgiza ƙyauren tana ruri,
ta ɗaga bokiti za ta watsa mini,
uwarta ta ce kul, na tuwon dare ne.
Na faɗi sau shida.
Na bakwai na ƙirga har tara
kafin turmi ya tuna aikinsa ba wannan ba ne.

Iyo fa? Na iya na tabki,
na damina, bayan duwatsu, mu da kwaɗi,
shekara talatin da suka wuce.
Kiyari ya ce teku tana sake koya wa mutum,
sai dai takan fara da mari.

Ba gasa zan je ba.
So nake sau ɗaya kafin furfura ta gama da ni
in ga ruwan da ba wanda ya ƙirga,
babu kwanta, babu layi, babu mai cewa bashi,
ya taso ya fi ni tsawo
in ce masa sannu, in hau.

Ƙarfe uku na dare famfo ya yi tari.
Na tashi da jarka, ƙafa ba takalmi.
Ya tofa iska, ya tofa laka, sannan ya saki siriri.
Ina tsaye ina jira ta cika,
sai na ga ƙafar hagu ta riga ta yi gaba,
gwiwa ta lanƙwashe da kanta.