Kujerar Baya

Baba ya bar mini gona, da bashin banki, da jirgi.
Gonar na san ta. Bashin kuwa ya san ni.
Jirgin ne baƙo a rumfar alkama,
rawaya kamar gwaiduwa,
kujera biyu, ɗaya bayan ɗaya,
jikinsa yadi ne da aka ɗame aka shafe da fenti,
in ka ƙwanƙwasa da yatsa ya amsa kamar ganga.

A nan Saskatchewan ƙasa shimfiɗe take kamar faifai,
sama ce kaɗai ke da tudu.

Da ƙanƙara ta narke Orest Hrycan ya zo,
tsohon makaniki mai kunne ɗaya na aiki.
Ya zura madubin likitan haƙori cikin fiffike,
ya daɗe shiru, sannan ya ce,
“Solveig, ɓeraye sun tare a nan, har sun ga jikoki.”
Ya zaro audugar kujera, da zaren buhu,
da rabin rasiɗin mai da haƙora suka yi wa ado.
Silinda ta uku tana tari.
Taya ta tsage a gefe. Wayar birki ta ci tsatsa.
Na ce nawa?
Ya rubuta a bayan kwalin taba ya juyo mini.
Na ƙirga da maruƙa: bakwai.

Yayana Leif ya ce a sayar.
Na ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Ya ce ai ke ba saya kika yi ba.
Ban ba shi amsa ba. Har yau ina nema.

Na koyi tace mai da tsumman fata,
na koyi ɗaure noti da siririyar waya
don kada girgiza ta kwance shi a sama,
inda babu gefen hanya.
Orest ba ya faɗa, sai dai ya ɗaga gira:
ba a fafe gora ranar tafiya.
Faratana suka yi baƙi, littafin awoyi ya cika da hannuna,
ƙarƙashin na Baba mai karkata hagu.

Kaka biyu na tara kuɗin allon gilashi,
mai nuna taswira, da iska, da inda kake
ko gajimare ya rufe maka ido.
Sai da batir, sai da sabuwar rediyo,
kowane gyara da ƙanensa a goye.
Ranar da muka cire tsohon katakon gaba,
Orest ya juya shi, ya tsaya, ya miƙo mini,
ya fita wai zai duba motarsa.

Da fensir, a baya, inda ido ba ya zuwa:
“Yau Solveig ta riƙe sanda minti huɗu.
Ba ta san na saki ba.”

Shekarata tara. Na tuna rigar sanyi ja,
na tuna ina cewa, Baba, kana riƙe?
yana cewa, duba gabanki.

Mun ɗaura gilashin. Yana da kyau, ba ya ƙarya.
Amma na bar tsohon kamfas a samansa,
mai ɗan zamewa in an nufi gabas.
Da tsohuwar zuma ake magani,
ko da yake ban san ciwon ba.

Asabar da asuba Orest ya murɗa farfela,
sau ɗaya, sau biyu, ta kama.
Wannan jirgin, in ke kaɗai ce, a baya ake zama,
don nauyi ya daidaita.
Na zauna a ramin da jikinsa ya yi wa kujera.
Alkama ta sunkuya, ta ja da baya, ta zama tabarma.
Gabana kujerar yarinya, babu kowa.

Da na sauko, mai yana ɗiga a tasa,
ɗis, ɗis, daga wani sabon wuri.
Orest ya durƙusa ya shinshina,
ya laluba aljihu yana neman kwalin taba.