Yoyo

Teburina ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ce,
nan gefen layin dogo a Agege,
inda jirgi ke watsa mini ƙananan kusoshi in ya gifta.
Waya nake gyarawa. Wannan kuwa ba waya ba ce.

Kawu Nomau ya dire ta gabana kamar mai kai ƙara:
"Sallau, dubi aljihuna. Dubi farar rigata."
Tabo ne mai ƙamshin mangwaro
ya zauna daram a saitin zuciyarsa.
Shekara talatin da ɗaya yana zuƙar taba a rumfarsa
har huhun goron da yake sayarwa
ya fi nasa huhun lafiya.
Likita a Ikeja ya ce ya bari.
'Yarsa ta sayo masa sigarin lantarki,
ga ta tana zuba kamar tsohon kwano a watan Yuni.

Na buɗe cikinta.
Ɗan kurtu ne, bai kai ƙaramin yatsa ba:
auduga, murɗaɗɗiyar waya siririya kamar gashi,
da zoben roba da zafi ya kashe wa jiki.
Wanda ya ƙera ta
bai taɓa zama a danfo cikin gosulon Oshodi ba
da rana tsaka, lokacin da ruwa mai kauri
ke tsinkewa kamar kunun da aka sirka.

Daren farko na cusa auduga tam.
Yoyo ya tsaya, ƙauri ya taso.
Kawu ya ja sau ɗaya, ya tofar:
"Tsumma ka ƙona mini?"

Dare na biyu na sassauta.
Ta dinga kurkurar baki a hannunsa,
ta fesa masa zaƙi a harshe.
Ya ce da wannan wulaƙanci gara tari.

Kwana tara. Aka ɗauke wuta a shida daga ciki.
Tocila a haƙora, gumi na ɗiga a kan tsinken gyara,
ina tuna aci-balbal ɗin Inna a Ɗanja:
lagwani ba ya son yunwa,
ba ya kuma son ƙoshi.
To amma ina tsakiyar?

Iya Sikira mai manja ce ta nuna mini, ba da niyya ba.
Tana tsiyaya daga jarka, jarka na shaƙuwa,
sai ta sa ƙusa ta huda kafaɗarta.
Manja ya miƙe lif, kamar zare.
Ashe ruwa ba ya fita da hankali
sai an ba iska ƙofar shiga.

Na gasa allura.
Huda ɗaya, can sama, da ƙyar ido ke ganinta.
Na yanko sabon zobe daga robar ƙarin ruwa,
na tsefe audugar, na shimfiɗa ta bin tsawonta
yadda ake kwantar da gashin yarinya kafin kitso.
Na naɗe kurtun a farin hankici,
na hau danfo har Mile 12, na dawo a matse tsakanin buhunan tattasai.
Na warware.
Fari fat.

Kawu ya ja. Tururi ya fito siriri, ba gardama.
Bai ce komai ba. Ya ajiye mini goro biyu, farare.
Da ya juya na hango karan taba a bayan kunnensa.
"Na tsaro ne," in ji shi, bai waiwayo ba.

Da la'asar wani yaro ya tsaya,
rigar makaranta, jaka a kafaɗa, gemu bai ko yi niyya ba.
Ya ji labari. Yana son mai ɗanɗanon abarba.
Kuɗinsa a dunƙule, sun jiƙe da gumi.

Na ce masa waya nake gyarawa.

Ya daɗe yana kallon allurar da ke kan teburi,
sannan ya tsallaka layin dogo
zuwa rumfar da ba a tambayar shekaru.
Jirgin yamma ya gifta tsakaninmu.
Na durƙusa ina tsintar kusoshi.