Dillali a Cikin Akwati

Aboabo, bayan isha'i.
Masu ƙosai sun kife kasko,
ni ina ɗakin kwamfutar makarantarmu
da injuna goma sha ɗaya, kyautar hannu daban-daban,
kowanne da halin gidan da ya baro.

Data ta yi tsada.
Sidi ɗari biyun Malama Adiza ba sa ganin Laraba.
Yaro ya buɗe taswirar Afirka, mu biya,
na gefensa ya buɗe ita dai, mu sake biya.
Na ce to, a nemo dillali.

Firoksi sunansa a takarda,
amma ni tun ina rarrafe na san shi.
Ubana ne, Alhaji Gariba, a zauren goro.
Baƙo ya sauka daga arewa, ba ya taka kasuwa,
ya faɗi bukatarsa, ya sha koko, ya miƙe ƙafa.
Baba ya je, ya taya, ya dawo,
mai kaya bai ga fuskar mai saye ba.
Abin da aka cika tambaya kuwa
yana nan cikin ganye a bayan ƙofa.

Na fara da tsohon akwatin Linuks mai tari,
shi zai zama zauren.
Baƙin allo, ba ya son fadanci.
Layi biyu na umarni, ya nemi kalmar sirri, ya haɗiye.
Ka mance ɗigo ɗaya,
ya yi maka shirun da ko suruki bai iya ba.

Windos guda tara, duk halinsu ɗaya,
na akawun ofis a Adum:
Ka tabbata? Ka tabbata ka tabbata?
Gaba, gaba, na amince da abin da ban karanta ba.
Na gama, su ce sai sun kwanta sun tashi.

Mak ɗaya ce tal,
wani ɗan unguwa ya aiko ta daga Jamus.
Fara sol, tana duban kowa a kaikaice.
Inda ake rubuta adireshin dillali
ta ɓoye shi ɗaki cikin ɗaki cikin ɗaki,
sai da na yi sallama sau uku.

Sai wuta ta ɗauke.
Dumso ba ya neman izini.
Da ta dawo, duk na jera su, na danna,
babu wadda ta sami zauren.
Na zagi waya, na zagi katangar tsaro,
na kusa zagin wanda ya aiko ni boko.

Baba Tinga mai gadi ya leƙo da tocila,
ya dubi takardata, ya dubi allo.
Ya ce, ɗana, ni ban iya Turanci ba,
amma biyu da takwas ɗin nan sun yi musayar kujera.
Uku, ɗaya, biyu, takwas.
Ƙofa ta buɗe.

Kwana tara bayan haka na duba rajista,
domin dillalin nan yana rubuta kome.
Ƙarfe uku na dare, kullum, inji na bakwai,
kalma ɗaya, haruffanta a karkace,
sunan wani ƙauye can bayan Wagadugu.
Taswira kawai. Hanya, rafi, ɗigo.
Sa'a guda ba a danna wani abu ba.

Na daɗe zaune.
Shekara arba'in Baba yana dillanci,
ban taɓa jin ya faɗi abin da baƙo ya kwance a ɗaki ba.
Na buɗe fayil, na ƙara layi ɗaya:
kada ka riƙe sunan kowa.

Da safe yara suka buɗe Afirka
sau goma sha ɗaya, kuɗin sau ɗaya.
Baba Tinga na bakin ƙofa yana gyangyaɗi.
Na ajiye masa shayi, ban tashe shi ba.