Ƙasar da Na Juye a Epe

Shekara tara ina rainon furanni a bakin titin Epe,
daidai inda kwalta ke sallama da kurmi.
Bayan rumfata akwai loko guda biyu
da inuwar da ko ranar azahar ba ta huda ta.

Wata damina aka kawo mana tukwane daga Apapa,
itatuwan ado na manyan gidajen Lekki,
kowanne da ƙasarsa ya tsallako teku.
Wanda ya mutu a hanya sai in kife tukunyar,
in loda a baro, in juye a gindin loko.
Ƙasa ce fa. Wa ke tuhumar ƙasa?

Na ga tanar, ba zan ce ban gan ta ba.
Gajeruwa, fatsi-fatsi, kamar yatsan jinjiri,
ba irin tamu ba mai tayar da ɗan rumbu da kashinta.
Har murna na yi.
Na ce albarka ce ta zo a kwantena.

A da in ka shiga kurmin nan
ƙafa kan nutse har idon sawu
cikin ganyen bara da na bara waccan.
Ka ɗebi tafi guda, ka ga gari da mutanensa:
ƙadandoniya ta naɗe kamar gammo,
gwano na ja, shanshani na gudu,
ga farin zaren naman kaza ya saƙe komai.

Iya Morenike ce ta fara lura.
Ita ke tsintar dodon koɗi da asuba.
Ta tsaya a rumfata, ta kifa kwandonta,
uku suka faɗo.
Ta ce, Malam Jatau, wa ya share dajin?

Ba wanda ya share.
Daga ƙarƙashi aka janye tabarmar.
Saiwar loko ta fito tsirara kamar jijiyar tsoho,
ƙasa ta daskare, ta yi santsi,
ruwan sama ya daina shiga, sai dai ya bi ta kai
ya kwashi ja ya kai wa kwalbati.

Sai ga wata ɗaliba, Omolabake, da kwalabe da magwaji.
Ta haƙa can ciki, ta ƙirga iri ashirin da bakwai.
Ta haƙa bayan rumfata, ta ƙirga huɗu.
Ta tambaye ni ko na san mafarin abin.
Na dubi barona.
Tayarsa ma ta sace tun tuni.

An ce baƙo raɓa ne.
Ni ma a bayan motar albasa na shigo Ikko,
na kuwa ci, na sha, na aika gida.
Amma ni na san hanyar tasha.
Wannan ba ta da ido balle ta ga ta yi yawa,
ba ta da ƙafa balle a ce mata tashi.
Ci kawai take, bakin rai bakin fama,
kuma ni na biya mata kuɗin mota.

Yanzu duk yamma nakan share ganyen rumfa,
in roƙi na maƙwabta, in cika buhu,
in kai gindin loko in shimfiɗa.
Iya Morenike na kallona, ba ta cewa komai.

Na zuba ran Litinin.
Yau Juma'a, na leƙa kafin masallaci.
Saura jijiyoyin ganyen kawai, tsaye cikin ramuka.