Ruwan Waihe'e

Kakar kakata, Makanoe, tana gaɓa ranar da jirgin ya iso.
Ba bindiga suka fara saukewa ba,
littafi ne, da allura, da bandir na yadi.
Suka ɗinke ta a riga har wuya,
suka ce rawar da ƙugunta ya gada zunubi ce.

Su suka yi wa harshenmu haruffa,
jikokinsu suka hana shi shiga aji.
Uwata ta sha bulala don ta kira yayyafi da sunansa,
alhali kowane ruwa a kwarinmu da nasa suna.

Ƙyanda ta rufe gida bakwai kafin gwaza ta nuna.
Sai ga takarda mai hatimi,
wai ƙasa ma ana cinikinta kamar akuya.
Mu da gwaza yayanmu ne,
wa ke sayar da makwancin yayansa?

Aka karkatar da rafi zuwa gonar rake.
Fadamarmu ta tsage kamar diddige.

Yau jikata Kaipolani ta dawo daga makaranta
tana gyara mini furuci.
Na bar mata kujera,
na zauna ƙasa, ina maimaitawa.